Lambobin Jikin Kwalin Lasifika: Wanne Ne Abin Dogaro?

A kasuwar Alaba da ke Legas, inda 'yan kasuwa daga sassan ƙasar nan ke saro kayan lantarki, sau da yawa akan ga an rubuta 20Hz zuwa 20kHz a jikin kwalin lasifika. Wannan shi ne iyakar abin da kunnen matashi mai lafiya ke iya ji, wato daga sauti mai kauri da ke girgiza sau 20 cikin sakan guda, har zuwa siriri mai girgiza sau 20,000.

Sai dai wannan rubutu shi kaɗai ba ya gaya wa mai saye komai. Lasifika na iya fitar da amon ganga da rauni ƙwarai, ta kuma cika kunne da tsinin murya, amma duk da haka a buga mata waɗannan lambobi. Kamfanin da ke da gaskiya yakan ƙara da cewa ƙarfin sautin bai hau ko sauka fiye da desibel 3 ba a tsakanin iyakokin biyu. Lambar wat mai ɗauke da haruffan PMPO kuwa, ado ce kawai ta talla.

Awon da aka yi bisa ƙa'ida yana da nauyi. A shekarun 1980, Floyd Toole na Majalisar Bincike ta Ƙasar Kanada ya riƙa zaunar da masu sauraro, lasifikokin na bayan labule. Sakamakon da ya wallafa a 1986 ya nuna cewa akasarin masu lafiyar kunne sun fi son lasifikar da ke fitar da kowane sauti daidai wa daida, daga gabanta da kuma gefenta. A 1994, shi da Sean Olive sun gano a kamfanin Harman na Amurka cewa idan aka yaye labulen, manyan lasifikoki masu tsada sukan samu makin da ba su samu ba a ɓoye. Ido ya riga kunne yanke hukunci ke nan.

A 2004 Olive ya gwada lasifika 70, inda ya nuna ana iya hasashen wadda jama'a za su zaɓa daga awonta, kuma kaurin sauti ya ɗauki kusan kashi 30 cikin ɗari na hukuncin. Ƙa'idar awo da aka fitar a Amurka a 2013 ta tanadi a auna lasifika daga kusurwa 70 a ɗakin da ba ya amsa kuwwa.

Amma duk wannan bincike kan lasifikar kiɗa ta cikin ɗaki aka yi shi. Mai neman ta masallaci ko ta tashar mota, murya yake son ta kai nesa, kuma wayar tarho ta daɗe tana isar da magana da 300Hz zuwa 3,400Hz kacal. Biyan kuɗin kaurin sauti a nan asara ce.

Gwajin cikin shago ma yana da tarko, domin wadda aka fi ƙure wa murya takan zama kamar ta fi daɗi. Dillalin da zai sari kaya masu yawa zai fi tsira da jarinsa idan ya nemi zanen awon daga kamfani, sa'an nan ya daidaita ƙarfin lasifikokin biyu kafin ya saurare su da faifai guda.