Kwabo Mai Huji: Yadda Ake Tara Shi da Yadda Ake Gane Darajarsa

Har gobe Bahaushe yana cewa "ba ni da ko anini", alhali da yawa daga cikinmu ɗalibai ba mu taɓa riƙe aninin a hannu ba. Kalmar ta rayu, kuɗin kuwa sun koma ƙasan adakar kakanni. Wannan maƙala za ta duba waɗannan tsofaffin tsabar kuɗi da yadda masu tara su ke auna darajarsu, domin a nan Jos akan ga wanda ya tsinci kwabo mai huji ya ɗauka ya yi arziki, akan kuma ga wanda ya lalata mai daraja da hannunsa saboda rashin sani.

A shekarar 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara buga kwabo da anini domin wannan yanki. Anini goma ne kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu kuma sule guda. Zuwansu ya yi daidai da bunƙasar haƙar kuza a Filato, lokacin da leburori daga Kano da Bauci da Zazzau da Barno suka riƙa kwararowa Jos da Bukuru. Da irin waɗannan kuɗi aka biya su lada, da su suka biya haraji. Hujin tsakiya kuwa ya yi amfani ga mutanen da suka saba shirya wuri a zare, sai a zura igiya a rataya.

Ɗalibin harshe zai sami abin nazari a sunayen. Kwabo daga kalmar Ingilishi ta jan ƙarfe ya samo asali, sisi daga shida, nai daga tara. Rabin kwabo shi ne ɗari, sunan da ke tuna mana da zamanin ƙirgen wuri, kamar yadda ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Anini kuma ya tsallaka bariki, ya zama sunan tauraron da hafsa ke ɗaurawa a kafaɗa.

Idan mai karatu ya sami ɗaya, ya kai shi wurin haske. A fuska ɗaya akwai kambin sarauta a saman hujin, sunan sarkin Ingila a kewaye, da ƙimar kuɗin cikin Ingilishi da kuma Larabci. A ɗaya fuskar akwai tauraro mai kusurwa shida, shekarar bugu tana ƙasa. Babu hoton sarki, domin huji ya cinye wurin, kuma wannan ya haifar da wani abin mamaki. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarauta a Janairun 1936, ya yi murabus a Disamba, kafin a saki kuɗi masu hotonsa a Ingila. A Afirka ta Yamma kuwa, da yake suna kawai ake bukata, kwabo da ɗari da anini masu sunansa sun shiga kasuwa.

To, a nan ne mutane ke ruɗuwa. Labarin kwabon 1936 yana da daɗi, amma an buga miliyoyinsa, don haka ba shi da tsada. Tsufa kaɗai ba ya sa kwabo daraja. Abin da masana ke dubawa shi ne ƙarancinsa, da gidan da ya buga shi, sai kuma lafiyar jikinsa. Kusa da hujin akan sami ɗan harafi: H na nufin kamfanin Heaton da ke Birmingham, KN kuma King's Norton, idan babu harafi galibi bugun gidan sarauta ne na Landan. Kwabo biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a farashi saboda wannan ɗan harafi. Aninin 1907 shi ma abin nema ne. Da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya, sai dai laima da gumi sun riƙa cin sa, har aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel a 1908. Samun mai lafiya yau sai an tona.

Auna lafiyar kwabo yana da ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa wani Ba'amurke ne, William Sheldon, ya ƙirƙiro shi a 1949, kuma domin tsofaffin santi ɗaya na Amurka, wato kwabonsu, ya tsara shi. Yana tashi daga 1, kwabon da ya suɗe har da ƙyar ake gane shi, zuwa 70, wanda ko da madubin ƙara girma ba a ga masa tabo. Ingilawa sun fi amfani da matakai na kalmomi, daga mai dama-dama zuwa wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. A kuɗi mai hoto gashin sarki da kuncinsa ake fara dubawa. A namu mai huji sai a duba ƙananan adon kambin, da wuraren da layukan tauraron suka hau juna, domin su ne tudu, su yatsa ke fara cinyewa. Sannan a duba bakin hujin, inda igiya kan bar zaizaya.

Babban kuskure shi ne wanki. Mutum zai ɗauko toka ko yashi ko lemon tsami ya dirje kwabo har ya yi ƙyalli, yana ganin gyara ya yi. A idon masani ya kashe shi, domin duhun da shekaru suka shafa masa shi ne shaidar ba a taɓa shi ba, dirza kuma tana barin ƙarce da ba ya gyaruwa. A riƙe shi ta gefe, a sa kowane ɗaya a 'yar ambulan ta takarda, a rubuta shekara da harafi. Damina a Jos tana da laima, kuma kwabban da aka cusa a gwangwani ɗaya sukan yi koren tsatsa.

Mai son farawa ba sai ya kashe kuɗi ba. Ya nemi kwabo ɗaya na kowane mai sarauta, daga Edward na Bakwai zuwa Sarauniya Elizabeth, ya haɗa da na Tarayyar Nijeriya na 1959 wanda shi ma yana da huji, sai kwabon 1973 mai hoton rijiyar mai, wanda ya zo tare da naira. Yayin karɓa daga hannun tsohuwa kuma, a tambaye ta me anini ke saye a zamaninta, da yadda ake kiran kwabo ɗaya da rabi a garinsu, a rubuta amsar a bayan ambulan ɗin.