Ɗakin Yara: A Durƙusa Kafin A Ƙawata

A yawancin gidajenmu falo ne ke cinye kuɗin ado. Kujeru, kafet, labule mai ninki biyu, talabijin manne a bango. Ɗakin uwargida na biye, da gado da sif da madubi tun na jere. Ɗakin yara kuwa, in ma an ware shi, nan ake jibge duk abin da aka gaji da shi: tsohuwar katifa, akwatunan lefe da aka daina buɗewa, keken ɗinki, wani gidan har da buhun masara. In ka yi magana sai a ce, "Ai yara ne, ɓatawa za su yi."

Akwai kuma waɗanda suka zarce. Sun ga hoto a Instagram, sun kira kafinta ya ƙera gado mai siffar mota, an shafe bango da ruwan hoda har silin, an jera 'yartsana a saman sif inda hannun yarinya ba zai kai ba. Baƙi su shigo su yaba, a ɗauki hoto, a ja ƙofa. Duka biyun ba a yi wa yaron ɗaki ba. Na farko sito ne, na biyu na nuna wa baƙi ne.

A 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan kula da 'ya'yan talakawa a unguwar San Lorenzo da ke birnin Rum. Cikin abubuwan da suka fito da ita har da wanda yau za a ga kamar ba komai ba ne: ta sa an yi tebura da kujeru da kantoci daidai tsawon yara, marasa nauyi, yadda yaro zai ɗaga kujerarsa da kansa, ya ɗauko abin da yake so, ya mayar. Dabarar nan ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Uwa ko uba ya shiga ɗakin ya durƙusa a kan gwiwa, ya dubi abin da ido ke gani daga nan. Ɗan shekara huɗu tsawonsa wajen mita ɗaya ne. Duk adon da ya wuce nan sama, na manya ne.

To sai a sauko da kaya. A kafa maratayin jakar makaranta da kayan Islamiyya inda yaro zai rataye da kansa. A yi 'yar kanta ƙasa-ƙasa, a jera littattafai bangonsu na kallon yaro, domin wanda bai iya karatu ba da hoto yake zaɓa. Kwandunan kaba uku sun isa: na kayan wasa, na kayan wanki, na takalma. Yaron da kullum ake yi wa faɗa a kan watsar da kaya, sau da yawa ba shi da wurin ajiyar da hannunsa ke kaiwa ne.

Rubutu a bango kuwa ba a taɓa hana shi da bulala an yi nasara ba. Gara a ba yaro gefensa. A samu falle ɗaya na filawud, a shafa masa baƙin fentin allo, a kafa shi daga ƙasa, a ajiye alli. A sama kaɗan a ja zare daga ƙusa zuwa ƙusa, ana maƙala zanen da ya yi a makaranta, ana sauyawa. Gidajen da ba sa son hoton mai rai a bango ba su rasa abin yi ba. Ga haruffan boko da na ajami, ga taswirar duniya, ga dagi da sauran zanen da magina suka ƙawata gidajen Zariya da Kano da Damagaram da su. Jerin dagi a tsakiyar bango ya fi mini katun ɗin da yaro zai gaji da shi kafin fentin ya koɗe.

Batun fenti ne ya fi cancantar a tsaya a kai. Wasu fentin mai, musamman masu ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo, ana haɗa su da dalma don launi ya fito. In fentin ya tsufa ya fara ɓarewa, ƙurarsa na sauka ƙasa, mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin yaro da za a ce ba ya illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje tun 1978. Mu ma mun san dalma: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gida ta fito. Don haka a yi wa bangon yara fentin ruwa, a duba gwangwani ko an rubuta babu dalma, tsohon fenti kuma kada a kankare shi a bushe yara na gida. Launi mai haske ya fi, yana ƙara wa ɗaki haske, sauro ma ba ya samun maɓoya.

Gidan sauro shi ma ado ne in an ɗaura shi da kyau. A kafa masa ƙugiya huɗu ko firam na katako maimakon igiyoyin da ke ratsa ɗaki, da rana a naɗe shi sama. Sabo mai magani a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a kwana ciki. Kafet mai gashi yana da kyau a ido, amma da hunturu ƙura yake tarawa, ga fitsarin kwance. Leda ko tabarmar da za a goge ko a kakkaɓe ta fi, balle in akwai mai asma.

Gado mai hawa biyu na rage cunkoso, sai dai ɗan ƙasa da shekara 6 ba ya hawa sama, kuma a auna tazararsa da fankar silin kafin kafinta ya buga ƙusa. Inda ɗaki ɗaya ne ga maza da mata, labule ko sif a tsakiya na raba shi biyu, tunda addini ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara 10. Wanda ke ciki da falo a gidan haya ma zai iya ware lungu guda: tabarma, kwando, allo, shi ke nan. Talabijin dai a bar shi a falo, domin ɗan firamare na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12.

Saura abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Yaro na jawo durowa ya taka ta kamar tsani don ya ɗauko abin da ke sama, sif ɗin ya rinjayo ya danne shi. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo sun kashe yara ƙanana.  Iyaye, kafin ku sayi fenti ko labule, ku kira kafinta ya ɗaure sif da kanta a jikin bango da ƙarfe da sukuru, ya kuma toshe duk soket ɗin da ke ƙasa.