Gida Mai Nisa Ba Shi da Arha: Faɗakarwa ga Mutanen Gidan Waya da Kafanchan

Garuruwa ba sa girma haka kawai, akwai abin da ke janyo mutane. Layin dogo ne ya raya Kafanchan tun daga 1927, lokacin da ta zama mahaɗar jiragen ƙasa. Gidan Waya kuwa ta samu bunƙasa ne saboda Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a Kafanchan a 1977 kafin ta koma mazauninta na dindindin a nan. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da aka amince da kafawa a 2025. Kowace irin wannan cibiya tana zuwa da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma kowa na buƙatar wurin kwana.

Idan masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa, kuɗin haya sai ya tashi. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya nufi bayan gari, ya sayi fili a gonar da aka yayyanka, ya gina inda babu titi, babu ruwa, babu wuta, babu makaranta. Wasu ma'aikatan kuma suna zaune a Kafanchan ko Kagoro, kullum suna kan hanyar Gidan Waya safe da yamma.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi: suna duban kuɗin haya, su manta da kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri ya ninka. A ce mutum yana kashe naira 2,000 kullum wajen zuwa aiki da komowa, kwana 22 a wata. Ya zama 44,000 ke nan a wata, fiye da rabin miliyan a shekara. Ba a sa kuɗin acaɓar yara zuwa makaranta ba, ba a sa na ruwan da ake saye ba, balle gajiya da haɗarin tafiyar dare.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Nyanya, Mararaba da Masaka. Bayan gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, tsadar gida ta tura ma'aikata zuwa can. Yau suna fitowa tun da asuba, su ɓata sa'o'i cikin cunkoso kafin su isa ofis. Mu ba mu kai haka ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai neman haya ya haɗa kuɗin gida da na sufuri na shekara guda kafin ya yanke shawara. Mai sayen fili ya bincika takardu a hukumar KADGIS, ya nemi izinin gini a KASUPDA, kada ya gina a kan hanyar ruwa. Masu sayar da gonaki da masu unguwanni su bar wurin titi da magudana da makaranta kafin a yanka fuloti, su kuma tuna cewa gonar da aka zuba wa siminti ba ta ƙara ba da doya ko masara. Masu gidajen haya su ji tsoron Allah a kan ɗalibai, waɗanda yawancinsu 'ya'yan manoma ne.

Gwamnatin jiha da hukumomin tsara gari su shata unguwanni kafin jama'a su iso, su ƙara ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen ma'aikata kusa da kwalejin, su gyara hanyoyi tare da samar da motocin haya masu rahusa. Jama'a, mu nemi a tsara garuruwanmu yanzu, domin gyara bayan an gama gini rusau ne, kuma talaka ne ke fara asara.