Rumbu ne ya fara tara mutane wuri guda

Ɗan'uwa matashi, ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa mutane suka daina yawo a daji suka zauna wuri guda, har aka samu mai gida, mai unguwa da sarki? Ka dubi rumbun gidanku, daga nan labarin ya faro.

Kafin noma, farauta da tsintar 'ya'yan itace ake yi, cikin ƙananan ayari na dangi. Nama ba ya jiran gobe, don haka abin da aka samu yau rabawa ake yi a cinye. Hatsi kuwa yana kai shekara. Da zarar an tara shi, dole a san wanda zai tsare, wanda zai auna da wanda zai raba.

A wani kufai da ake kira Dhra' a ƙasar Jodan, masu binciken tarihi sun tono rumbunan da suka haura shekara 11,000. An ɗaga daɓensu sama don iska ta ratsa, ɓeraye kuma su rasa hanya. A waje aka gina su, tsakanin gidaje, shi ya sa masana ke ganin na jama'a ne. Daga baya ajiya ta koma cikin gidaje, kowa ya fara cewa "nawa".

Da garuruwa suka girma, ƙwaƙwalwa ta kasa riƙe lissafi. A birnin Uruk da ke Iraƙi ta yau, kimanin shekara 5,200 da suka wuce, yawancin rubutun farko da aka yi a kan allunan yumɓu lissafin sha'ir ne da tumaki da rabon ma'aikata. Ka ga ke nan rubutu ma awon hatsi ne ya jawo shi.

Kakanninmu a ƙasar Hausa sun warware wannan matsala da nasu tsarin. Gandu na gida ne baki ɗaya, mai gida ke riƙe da rumbu, shi ke ciyarwa, shi ke yi wa samari aure. Gayauna taka ce, ka sayar ka sayi riga. Aikin da ya fi ƙarfin gida guda, sai a kira gayya, da kiɗa da fura.

Yau gandu na watsewa, rabon gado na ta tsinka gonaki. Matashi shi kaɗai ba ya iya hayar tarakta, ba ya sayen taki a sari, da kaka kuma yakan sayar da amfaninsa da araha. Idan ku goma kuka haɗu, kuna iyawa.

Amma kafin ku tara ko sisi, ku zauna ku yanke abu uku: wa zai riƙe makullin sito, wa zai rubuta lissafi, kuma yaya za a raba. Kada mutum ɗaya ya haɗa makulli da littafi, ko da yayanka ne.