Mai Kula da Sabar Alƙaluman Lafiya

A ƙarshen kowane wata, ma'aikaciyar ƙaramin asibiti takan buɗe manyan rajistocinta ta yi ƙidaya: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa gwaji ya nuna suna da zazzaɓin cizon sauro. Ta cike fam, a kai wa jami'in alƙaluma na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a kwamfuta. Kafin a jima sai ga lambobin sun zama taswira mai launi a gaban kwamishina. Tsakanin fam ɗin nan da taswirar akwai wani mai sana'a da ba a cika ambato ba, shi ne mai kula da sabar.

Manhajar da ake wannan aiki da ita a Nijeriya da Nijar da Gana sunanta DHIS2. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar gina ta, kuma kyauta ake ba da ita. Tushenta Afirka ta Kudu ne bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, sai a 2006 aka fara amfani da samfurinta na intanet a jihar Kerala ta Indiya.

Abin da ake kira sabar ba abu ɗaya ba ne. A bakin ƙofa yawanci akwai nginx, wanda ke karɓar buƙatar kowace burauza, ya ɓoye saƙon daga idon masu leƙe, ya miƙa ciki. A ciki akwai Tomcat, inda ita manhajar, wadda aka rubuta da Java, ke gudana. Ita ce ke tambayar wane ne kai, kuma ina iyakar abin da aka yarje maka ka gani, domin jami'in ƙaramar hukuma ɗaya ba shi da hurumin taɓa alƙaluman maƙwabciyarta. Can ƙasa kuma rumbun bayanai ne, PostgreSQL, tare da PostGIS mai riƙe iyakokin mazaɓu da wuraren asibitoci. Shi kansa zanen taswirar a burauzar mai kallo ake yin sa. Bayanai kawai sabar ke aikowa.

Inda gwanintar take shi ne aikin dare. Da a ce duk lokacin da wani ya nemi jimlar rigakafin ƙananan hukumomi 774 sai rumbun ya bi miliyoyin layuka ɗaya bayan ɗaya, da kowa ya gaji da jira. Saboda haka akan saita manhajar ta tashi da tsakar dare, lokacin da masu amfani suka ragu, ta sake jera alƙaluman cikin jadawalai na musamman masu saurin karantawa, kamar yadda mai shago ke ƙulla sukari tun dare don kada ya tsaya awo da safe. Daga waɗannan jadawalai ake zana komai. Shi ya sa kiran da mai sabar ya fi samu shi ne: "Yallaɓai, mun shigar tun jiya amma bai fito ba." Gwani ba ya gaggawar kashe na'ura ya kunna. Zai duba ko aikin daren ya kammala, ko ma'ajiya ce ta cika ya tsaya a hanya, ko kuwa tsohuwar amsa ce da aka ajiye don sauri ake ta maimaita wa mutumin. Alamar ɗaya ce, amma kowane dalili da maganinsa.

Sai ajiyar kwafi. Kowane dare a kwafi rumbun, a kai wata na'ura a wani wuri dabam. A ganina, nan ake bambance mai amana da mai cika baki: mai amana yakan ɗauko kwafin lokaci-lokaci ya gwada tayar da shi, don ya tabbatar ranar da ake bukata zai tashi.

Akwai kuma abin da ba laifin na'ura ba ne, amma a kansa ƙorafi ke sauka. Wani lokaci taswira kan nuna an yi wa fiye da kashi 100 na yaran wata mazaɓa rigakafi. Sau da yawa matsalar a ƙiyasin yawan jama'a take, domin rabon Nijeriya da ƙidaya tun 2006, ga kuma ƙaura da rashin tsaro sun sauya mazaunin mutane da yawa. Mai sabar da ya san aikinsa yakan faɗa wa masu tsara rabon alluran wannan ƙarara, tun kafin launin kore na taswirar ya sa su ɗauke kai daga inda yara ke jira.

Yawancin masu sana'ar nan da Linux da SQL suka fara, sauran abubuwan kuma a kan aiki suka koya, a ƙarƙashin wanda ya riga su. Darasin farko da ake ba sabon shiga shi ne kada ya taɓa ɗora sabon samfurin manhaja a kan sabar da jama'a ke aiki da ita, sai ya gwada shi a sabar gwaji tukuna.