Cinderella ko Belle: Wace Ce Ta Ciri Tuta?

Gardama ba ta ƙarewa tsakanin masu kallon katun na Disney kan jarumar da ta fi.

Masoya Cinderella (1950) haƙurinta suke yabo, domin matar uba ta gasa mata aya a hannu. Sai dai aljana ce ta kawo mata ɗauki, takalmin gilashi ya ƙarasa aikin.

Belle ta "Beauty and the Beast" (1991) kuwa ba ta jira kowa ba. Ita ta miƙa kanta ga dodo don ya saki mahaifinta, ta kuma ƙi auren Gaston duk da farin jininsa. Fim ɗin ya lashe Oscar 2, na kiɗa da na waƙa.

Haƙuri abin yabo ne, amma kambin na Belle ne.