Tafiyar Jirgi Daga Ƙofar Gida Ake Ƙirga Ta

Tsakanin filin jirgin saman Garwa da na Ngaundere a Kamaru, kai-tsaye ta sama, kimanin kilomita 220 ne, kuma jirgi mai farfela yana cinye su cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Ta titi kuwa tafiyar ta kusa kilomita 280. Wanda ya ji haka zai ce ai magana ta ƙare. Sai dai mintocin da ake rubutawa a tikiti na jirgin ne, matafiyi yana da nasa lissafin, wanda ke farawa tun daga lokacin da ya rufe ƙofar gidansa.

A ɗauki ɗan kasuwar Ngong, garin da ke fiye da kilomita 40 kudu da Garwa, a bakin babbar hanyar Ngaundere. In zai hau jirgi, dole ya fara juya wa inda za shi baya: ya yi arewa, ya haye gadar Binuwai, ya ratsa cunkoson babura na cikin Garwa kafin ya isa fili. Nan zai zauna sa'a ɗaya ko biyu ana auna kaya ana duba takardu. In ya sauka, ga jiran jaka, ga neman abin hawa zuwa cikin gari. A haɗa duka, sa'o'i huɗu sun tafi, alhali maƙwabcinsa da ya tari bas a bakin titi ya kusa isa, da buhunansa a saman mota, a kuɗin da bai kama ƙafar na tikiti ba. Haka lamarin yake tsakanin Garwa da Marwa, inda filin jirgin Marwa da ke Salak yake kimanin kilomita 20 daga gari.

Wani zai ce ai titi yana da ramuka, ga wani hawan dutse mai kwana-kwana kafin Ngaundere da ke wahalar da manyan motoci, ga fargabar 'yan fashi da dare. Gaskiya ne, kuma mara lafiya ko tsoho yana da hujjar zaɓen jirgi ko da ba sauri ya nema ba. Amma shi ma jirgin ba kullum yake tashi tsakanin ƙananan filaye ba, kuma hazon hunturu kan hana shi sauka. Wanda aka ɗage wa tafiya ya rasa yini guda, motar haya kuwa tana tashi da zarar ta cika.

Inda jirgi ke nuna amfaninsa shi ne doguwar tafiya. Garwa zuwa Yawunde bai kai sa'o'i biyu ba ta sama, amma ta ƙasa akan yi mota zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, sannan a kwana cikin jirgin ƙasa. Saboda haka mai karatu, kafin ka yanki tikiti, ƙirga daga ƙofarka zuwa ƙofar masaukinka, sannan ka yanke shawara.